Gorar sojan da aka ce ta je Yaƙin Bama: ta asali ce ko kwalliya aka yi mata?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman masu ido a kan tsofaffin kayan soja. Wani dillali ya kawo mani gorar ruwa, ya ce ta wani tsohon soja ce cikin mutanenmu da suka je Yaƙin Bama, magada ne suka fiddo ta. Ya sa mata naira dubu 150, ya bar ta hannuna zuwa Juma'a. Ga hotuna nan na ɗora. Ƙarfe ce, an lulluɓe ta da bargo ruwan ƙasa, wuyanta shuɗi, bakinta toshe ne mai igiya, kuma tana zaune cikin madauri na kanbas. A gaba an ɗinka ɗan farantin tagulla mai zanen bishiyar kwakwa, an rubuta "82 W.A. DIV BURMA 1943". Kakana ya yi wannan yaƙi, amma ko maɓallin rigarshi ba mu gada ba, shi ya sa raina ya biya. In saya ko in maida mashi abinshi?

Na-Kutungu: Dubu 150 a kan buta? Ko dai ita ma akwai jan makuri a cikinta irin wanda aka yi ta nema a tsofaffin dutsen guga da keken ɗinki?

Ɗan Ƙofar Marusa: Kai dai ba ka rabo da tsiya. Da gaske nake.

Mai Tara Tsoho: Wa alaikumus salam. Na ga hotunan, amma hoto ba ya nuna nauyi, ba ya nuna wari. Kafin mu ce komai, yi mana abu uku. Samo mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne, ka manna a wuyanta ka gani ko zai kama. Sannan ka cika ta da ruwa ka juye a robar ruwa ta lita ɗaya da rabi, ka faɗa mana inda ya tsaya. Na uku, ka duba inda igiyar toshen ta ƙare: a jikin bargon aka ɗinke ta, ko akwai wani ɗan zoben ƙarfe a gindin wuyan gorar da aka ɗaura ta?

Ɗan Ƙofar Marusa: Mayen ƙarfe ya kama gam. Ruwa ya wuce lita ɗaya da kaɗan. Igiya kuma a ɗan zoben ƙarfe take, wanda yake manne da kafaɗar gorar.

Mai Tara Tsoho: To madalla, jikin gorar ya ci jarrabawar farko. Gorar sojan Ingila ta wancan zamani ƙarfe ce da aka shafe da ruwan gilashi aka gasa, irin shafen da ake wa langa da kwanukan jere, shi ya sa inda ta bugu za ka ga ya ɓantare ya bar baƙin tabo mai tsatsa, ba ya kwailewa kamar fenti. Launin shafen akwai shuɗi mai duhu, akwai kore. Tana cin awo biyu na Turawa da suke kira fant, wato lita ɗaya da ɗan ɗori, daidai da abin da ka auna. Zancen igiya kuwa shi ke raba tsohon samfuri da sabo. Wanda aka yi Yaƙin Duniya na Farko da shi, Mk VI, igiyarshi a jikin bargo ake ɗinke ta. Wanda ya biyo baya, Mk VII, da ya fito wajen 1939, shi ne mai zoben ƙarfe. Saboda haka taka ta yi daidai da zamanin Yaƙin Hitila.

Amma kada ka yi saurin murna. An ƙera irin wannan gora da yawan gaske, ba a Ingila kaɗai ba, har da Indiya da Kanada da Ostareliya, kuma an ci gaba da amfani da ita shekaru bayan an gama yaƙi. Gora ta zama tsohuwa abu ne daban, a ce ta je Bama kuma abu ne daban.

Tsohon Saje: Salamu alaikum. Yaro ne ya nuna mani hoton a waya. Wannan gora na san irinta. Lokacin da muka shiga soja ana tsakiyar yaƙin basasa, kayan da ake ba mu gauraye ne, wani ya samu ta alminiyam, wani ta roba, amma a hannun tsofaffin samanja da suka yi Bama akwai masu irin wannan. Bargon nan ba ado ba ne. Jiƙa shi ake yi a rataye inda iska ke bi, ruwan ciki ya yi sanyi, kuma yana hana ta ƙara in ana tafiyar dare. Abin da ban taɓa gani ba shi ne soja ya ɗinka farantin tagulla a gorarshi. Wa zai bar ka? Kayan gwamnati ne, ranar duba kaya sai ka yi bayani. Iyaka mutum ya rubuta lambarshi da tawada a bayan madauri don kada a ɗauke mashi.

Ɗan Ƙofar Marusa: Allah ya ƙara girma, Baba. Wato farantin ne bai kwanta maka ba?

Tsohon Saje: Shi ne, ɗana. Kuma a daji abu mai ƙyalli a jikinka kiran harsashi ne.

Malamar Tarihi: Baba ya taɓo wurin. Ni rubutun kanshi ne ya tsaya mani. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma ta je Bama, ta 81 da ta 82. Ta 81 ita ta riga, ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin Kaladan a Bama daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 1944, kuma daga cikinta aka cire birged ta 3, ta 'yan Najeriya, aka haɗa da Chindit, dakarun daji na musamman na Janar Wingate. Ta 82 kuwa a 1943 tana nan gida ana haɗa ta ana horar da ita. Sai a 1944 ta hau jirgin ruwa, ba ta shiga fagen daga a yankin Arakan na Bama ba sai Disambar 1944, sannan rundunonin biyu suka haɗu a kan garin Myohaung a Janairun 1945. To ta yaya ɗan runduna ta 82 zai rubuta Bama 1943? Da 81 aka rubuta da sai mu yi ta ja, amma 82 da 1943 da Bama ba sa zama layi ɗaya.

Wani abu kuma. Bishiyar kwakwa tambarin RWAFF ne gaba ɗaya, wato sojan Ingila na Afirka ta Yamma, wannan daidai ne. Amma kowace runduna tana da nata alamar da sojanta ke alfahari da ita. Ta 81 baƙin gizo-gizo ne, ta 82 mashi biyu ne a gicciye da gammo. Wanda ya tashi yin abin tunawa da rundunarshi, da wuya ya manta da mashi da gammo.

Barista na Gidan Waya: Malama, ki yi haƙuri in ja da ke kaɗan. Wa ya ce 1943 shekarar zuwa Bama ce? Mai yiwuwa shekarar da ya shiga soja ce, ko shekarar da aka kafa rundunar, wadda ke da bakinki kika ce 1943 ce. Mutanen nan da yawansu ba su yi boko ba. Tsoho ya dawo gida, bayan shekara ashirin ya je wurin mai sassaƙa hatimi ya ce rubuta mani 82, rubuta Bama, rubuta shekarar da aka ɗauke ni. Kin ga rubutu ya fito a karkace amma ba ƙarya a ciki. Kuskuren kwanan wata ba hujjar zamba ba ce.

Malamar Tarihi: Na karɓi wannan, Barista, zai iya faruwa. Sai dai ka lura da abin da babu a farantin. Tsohon soja in zai rubuta abu ɗaya tak a duniya, lambarshi zai rubuta. Duk wanda ya zauna da mazan jiya ya sani, mutum zai manta shekarun 'ya'yanshi amma ba ya manta lambarshi, kuma ta 'yan Najeriya da NA take farawa. A farantin nan ba suna, ba lamba, ba bataliya. Abin da aka sa shi ne abin da mai saye yake son gani, kuma babu wanda za a iya bin diddiginshi.

Barista na Gidan Waya: Wannan zato ne mai ƙarfi, amma zato ne.

Maƙerin Ƙofar Guga: Ku bar ni da farantin, aikina ne. Ɗan'uwa, ɗauko mani hotonshi kusa-kusa a hasken rana, ka ɗan karkata shi yadda inuwa za ta faɗa cikin haruffan. Ka ɗago gefenshi kuma mu ga bayanshi da bargon da ke ƙarƙashi.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ga su nan, guda biyu.

Maƙerin Ƙofar Guga: Alhamdu lillahi, ba sai an kai ruwa rana ba. Rubutun da aka buga da hannu, harafi-harafi da guduma, ba ya daidaita. Wani ya nutse, wani ya tsaya sama-sama, layi ya ɗan hau ya sauka, kuma in ka juya bayan farantin za ka ga kumburin kowane harafi. Wannan zurfinshi ɗaya daga farko har ƙarshe, bayanshi sumul. Inji ne ya ci shi, irin na masu yin kambun girmamawa da allon ƙofar ofis.

Sai kore-koren da ke kai. Tagulla in ta tsufa da kanta, dauɗa da duhu a cikin ramin haruffa suke taruwa, saman da hannu ke gogawa ya yi santsi ya yi haske. Naka a juye yake: saman ya yi kore shar, cikin haruffan kuma fes yana ƙyalli. Gishiri da ruwan tsami kan yi wannan cikin 'yan kwanaki. Gefen farantin ma da kaifinshi, alhali abin da ya shekara saba'in ana taɓawa ba ya riƙe kaifi. Na ƙarshe, dubi bargon da ke ƙarƙashi, launinshi ɗaya da na waje. Da farantin ya daɗe a wurin, da ƙarƙashinshi ya fi duhu domin rana ba ta ci shi ba, kuma da koren tagulla ya bar shaida a jikin ulun.

Na-Kutungu: Shi ke nan, maƙeri ya kashe baki. Barista sai a ɗaukaka ƙara.

Barista na Gidan Waya: Ba inda zan ɗaukaka. Na yarda farantin sabo ne. Abin da ban yarda ba shi ne a ɗaure dillali da laifin. Jika ma zai iya yin faranti bara don tunawa da kakanshi.

Mai Tara Tsoho: Jikan da ya kashe kuɗi ya yi wa kakanshi faranti, sannan ya jiƙa shi da gishiri don ya tsufa, sannan ya ba dillali ya sayar? Barista, a bar wannan.

Mu koma kan sauran jikinta, don har yanzu akwai abin dubawa. Irin waɗannan kaya sau da yawa ba jabu ne gaba ɗaya ba, haɗe-haɗe ne: gora daga nan, madauri daga can, bargo sabo, toshe sabo. Ɗan Marusa, zare ta daga madaurin ka duba cikin kanbas ɗin. Kana neman tambarin tawada: harufan kamfani, shekara, da wata alama mai layi uku da suka haɗu a sama kamar kan kibiya. Wannan kan kibiya shi ne shaidar kayan gwamnatin Ingila. Ka duba maɓallin da ke rufe madaurin ma, da ƙarafunan bakin igiyoyin.

Ɗan Ƙofar Marusa: Akwai tambari amma ya kusa gogewa. Ina ganin M E C da ƙaramin o, sai 194 da wata lamba da ba ta fita. Kan kibiyar na nan. Maɓallin tagulla ne ya yi baƙi, kuma ya bar kore a jikin kanbas ɗin kewaye da shi.

Mai Tara Tsoho: Wannan labari ne mai daɗi. MECo kamfanin Mills ne na Ingila, su ne manyan masu saƙa ɗamarar soja, kuma madaurin nan na tsarin 1937 ne wanda aka yi yaƙin da shi. Tambarin da ya dushe tare da yadin ya fi mani wanda ya fito baƙi ƙirin a kan yadi tsoho, don masu jabu suna sassaƙa hatimin roba su buga shekarar da suke so. Koren da maɓalli ya zubar a kan kanbas shi ne abin da maƙeri ya nema a ƙarƙashin faranti bai samu ba. Ka ga a gora ɗaya kana da tsufan gaskiya da tsufan haya, kusa da juna, sai ka gwada da idonka.

Abu guda dai: launinshi ruwan ƙasa ne. A Bama an riƙa rina ɗamara da kayan sawa kore saboda daji, kuma kaya da yawa na sojan can saƙar Indiya ne, mai kaushi, ba ta kai ta Ingila kyau ba. Ba na cewa duk madauri ruwan ƙasa bai je Bama ba, amma wannan bai ba da wata shaida cewa ya je ba.

Hajiya Mai Ɗinki: Ni ɗinkin bargon nake kallo tun ɗazu. Na kafaɗa da hannu aka yi, wannan ba laifi. Amma zaren ya yi mani ƙyalli. Ƙanena, tsinko ɗan guntun zare daga inda ya yi saura, ka kusanta shi da ashana. Zaren auduga ko na lilin yana ci ya zama toka, warinshi kamar takarda. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi ɗan ƙwallo mai tauri. Ka gwada na kafaɗa daban, na faranti daban.

Ɗan Ƙofar Marusa: Yaya Hajiya, na faranti ya narke ya dunƙule. Na kafaɗa ya zama toka.

Hajiya Mai Ɗinki: To ɗinkin kafaɗa na da ne, ko aƙalla da zaren da aka yi shi, hasken waya ne ya sa ya yi ƙyalli. Na faranti kuwa zaren kasuwa ne irin wanda ke cikin kekena yanzu haka.

Ɗan Canji: Akwai wata dabara, tocilar nan mai shuɗin haske da muke duba kuɗi da ita. Na ji ana cewa sabon yadi yana walƙiya a ƙarƙashinta, tsoho ba ya yi.

Mai Tara Tsoho: Haka ne amma da sharaɗi. Sinadarin da ke sa farin zare walƙiya bayan yaƙi ya yaɗu, saboda haka in ɗinki ya haska akwai tambaya. Sai dai garin sabulun wanki na yanzu yana ɗauke da sinadarin nan, tsohon kanbas in an taɓa wanke shi da shi sai ya haska shi ma. Kuma akwai sabon zare da ba ya haskawa. Tocila mataimakiya ce kawai. Hanci ma yana aiki: ulu da ya shekara a ɗaki warin ƙura da tsohuwar adaka yake, wanda aka tsufar da gangan kuma za ka ji ganyen shayi ko baƙin mai ko hayaƙi.

Tsohon Saje: Ina jin ku. Abin da ke ba ni takaici, mutanen nan sun sha wuyar da ba a faɗa. Masu ɗaukar kaya a ka cikin duwatsu da ruwan sama, inda mota ba ta shiga, gammon da Malama ta ambata ke nan. Sunayen barikokinmu da yawa daga can suka zo, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan a Legas, amma yaran yanzu suna wucewa ba su san me ake nufi ba. Mai Martaba Sarkin Katsina Usman Nagogo da kanshi ya je har can ya gaida su bayan ya hau gadon sarauta a 1944. Yau kuma wani ya zauna da gishiri da lemun tsami yana cin abinci da sunansu.

Malamar Tarihi: Allah ya jiƙan mazan jiya, Baba. Ɗan Marusa, tunda kakanka ya je, ni da za ka ji tawa da kuɗin nan ka kashe su wajen neman takardunshi. Ka tambayi tsofaffin matan gidanku ko akwai littafin sallama daga soja a cikin wata adaka, mata ne ke ɓoye irin wannan. Shi ke ɗauke da lamba da bataliya da ranar shiga da ranar fita. Lambobin yabo irin su Burma Star da aka ba sojan Ingila da na ƙasashen da take mulka a nan ba a buga suna a jikinsu ba, saboda haka su kaɗai ba sa nuna mai su, sai an haɗa da takarda. Ofishin 'yan mazan jiya ma wuri ne na tambaya. Wanda kuma nashi bai dawo ba, hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel tana da sunaye da lambobi a intanet kyauta, da yawa daga cikin namu suna jikin bangon tunawa na Rangun.

Ɗan Daura: Tunda an buɗe fage, ga tamu. Tana rataye a ɗakin kakarmu tun ina yaro, an ce ta ƙanen kakanmu ce. Amma ba ta yi kama da ta Ɗan Marusa ba ko kaɗan. Ta fi girma, ƙasanta faɗi, kuma baki biyu gare ta, babba da ƙarami. Yadin jikinta ya kusa ƙarewa. Kullum ina zaton ta 'yan tireda ce ba ta soja ba.

Mai Tara Tsoho: Kai, wannan ta fi ta farko daɗin gani! Ta Faransa ce, samfurin 1877, mai cin lita biyu. Babban baki na cikawa ne, ƙaramin na sha da shigar iska. Sojan Faransa na Afirka aka fara ba mai lita biyun saboda ƙishirwar hamada, daga baya a Yaƙin Duniya na Farko aka ba kowa, kuma ta kai har farkon na biyu. Ƙanen kakan naku ta wajen Damagaram ya zauna?

Ɗan Daura: Ikon Allah. A Matamaye ya yi aure, can Faransawa suka ɗauke shi. Sai bayan ya dawo ya tsallako Kwangwalam ya zauna wurin yayanshi.

Mai Tara Tsoho: Ka ga yadda ake so. Ba ka zo da labari ba, gorar ce ta faɗi inda ta fito, sannan labarin gidanku ya zo ya dace da ita. Kuma ba wanda ke neman kuɗinka.

Barista na Gidan Waya: A nan ma sai in ce ba a tabbatar ba. Zai iya sayenta a kasuwar Damagaram.

Na-Kutungu: Barista, ko haihuwarka sai ka nemi shaidu biyu.

Barista na Gidan Waya: Uku ma in da hali. Amma da gaske, akwai abin da nake so a sani. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izini ba, kuma ta taƙaita cinikinsu. Ko gorar Turawa ta shiga wannan layi ko ba ta shiga ba, wanda ke da tsohon abu yana tunanin sayar wa baƙo gara ya leƙa gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina ya tambaya tukuna.

Auta: Ni ma ina da wata ta alminiyam da na saya wurin 'yan gwangwan, a gindinta an buga U.S. da sunan kamfani da 1944. Mayen ƙarfe bai kama ta ba. Jabu ce ke nan?

Mai Tara Tsoho: A'a, gwajin mayen ƙarfe na gorar Ingila mai shafen gilashi ne. Alminiyam ba ya kamawa, kuma na Amurka da alminiyam ko ƙarfe marar tsatsa aka yi mafi yawansu, da baƙin murfi mai sarƙa a lokacin yaƙi na biyu. Su a gindi suke buga kamfani da shekara, kamar yadda ka gani. Amurkawa sun bi ta Kano da Maiduguri da jiragensu a lokacin, don haka samun irinta a Arewa ba abin mamaki ba ne, ko da yake gwanjo ma ya kawo da yawa daga baya. Ana yin kwaikwayonta don masu fim, sai ka ɗora hoton gindin mu ga bugun. Ingila ma ta yi ta alminiyam mai murfin murɗawa da kofi, tsarin 1944, don yaƙin daji, amma ba ta kai hannun mafi yawan sojan Bama ba kafin Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945. In aka kawo maka irin wannan aka ce ta yi Kaladan, ka riƙe aljihunka.

Ɗan Ƙofar Marusa: Jama'a, dillali ya zo bayan la'asar. Na nuna mashi zaren da ya narke da maganar 82 da 1943. Ya rantse shi ma haka aka ba shi. Na ce to kai ni gidan magadan in gaishe su, in ji sunan tsohon. Ya ce sun ce kada a faɗi gidansu, kunya suke ji. Daga nan ya ce in cire farantin in ba shi abinshi, in biya dubu 60 a kan gorar.

Hajiya Mai Ɗinki: Ya karɓi farantin? To wata gorar za a ɗinka wa.

Maƙerin Ƙofar Guga: Wallahi abin da na ce a raina ke nan. Kada ka ba shi. In za a yi ciniki a yi da farantin a ciki, ka jefa shi a durowa.

Mai Tara Tsoho: Daga 150 zuwa 60 a zama ɗaya, ka san inda kuɗin yake tun farko. Gorar da madaurin ina ganin na zamanin ne, kuma samun su tare da bargon asali abu ne mai kyau. Amma ko a Ingila irin wannan ba ta cikin kaya masu tsada, saboda yawanta. Ni da ni ne ba zan wuce dubu 20 ba, kuma zan saye ta a matsayin irin gorar da kakanka ya sha ruwa da ita, ba a matsayin wadda ta je Bama ba. In ka sa ta a falo haka za ka riƙa gaya wa baƙi.

Barista na Gidan Waya: Ka sa ya rubuta maka a takarda abin da ya sayar maka da kuɗin da ya karɓa, ya sa hannu.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na taya 20 har da faranti. Ya ce albarka, ya ɗauki abinshi, amma ya ce zai kira ni gobe.

Na-Kutungu: Zai kira. Kafin azahar ma.

Ɗan Daura: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Tamu ta yi tsatsa a kafaɗa, ƙanwata ta ce a goge ta da toka da soson ƙarfe a sake mata riga wurin tela. A yi?

Mai Tara Tsoho: Kada ku kuskura. Soson ƙarfe zai cinye ragowar dalmar da aka shafa mata, tsatsa ta ƙaru, kuma guntun yadin nan da kuke raina shi ne rabin shaidarta. Burushi mai laushi ya isa a kakkaɓe ƙura. Inda ƙarfe ya fito fili a shafa ɗan man keken ɗinki da auduga, kada ya taɓa yadin. A bar bakunan a buɗe ta sha iska, a ɗauke ta daga bangon da ke jiƙa da damina, kuma kada a sake zuba mata ruwa. Kafin komai, ka zauna da kakarku ka ɗauki muryarta a waya tana faɗin sunan mai ita da shekarar da ya dawo, in ta tuna da wane sarki ake a Daura lokacin ma ya wadatar a lissafa.

Ɗan Daura: Gobe in sha Allahu zan je, sai dai sai an sayo mata goro tukuna, in ba haka ba ba ta magana.